Gwanar da Ke Barin Gizo a Kan Ɓaure

Tatsuniyar Gizo da hankaki kusan babu wanda bai san ta ba. Hankaki suka gano wani ɓaure a tsakiyar gulbi, Gizo ya nace sai sun tafi da shi, kowannensu ya ciri gashi ɗaya ya ba shi aro, aka liƙa masa, ya tashi sama tare da su. Da aka sauka a kan itacen sai hali ya motsa. Duk ɓauren da wani ya kai wa baki, Gizo ya ce nasa ne, shi ya riga gani. Hankaki suka fusata, kowa ya fizge gashinsa, suka yi tafiyarsu, suka bar shi a reshe, ruwa gabas ruwa yamma.

Mai ba da labari na gama-gari a nan yake ƙara sauri, yana ɗokin kaiwa wurin da Gizo ya faɗa ruwa ya iske gidan kada. Gwana kuwa a nan take dakatawa. A Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, da ƙauyukan da ke kewaye da su, akwai matan da suka iya wannan abu. Wata kaka ce, wata gwaggo ce mai riƙon 'ya'yan ƙanenta, wata kuma malama ce a ajin share fagen shiga firamare. In ta kawo wannan gaɓa sai ta yi shiru, ta bi fuskokin yaran da kallo, ta ce, "To, ga Gizo bisa icce, ga gulbi ya cika ya batse. Ku hwaɗa mani, mi za shi yi?"

Wannan shirun nake yabo. Ba ƙaramin aiki ba ne babba ya san amsa, tana kan harshensa, ya haɗiye ta ya zauna jiran ɗan shekara 4.

Amsoshi kuwa sai sun zubo. Wani ya ce Gizo ya yi tsalle. Wata ta ce ya kira Ƙoƙi ta kawo jirgi. Wani ya ce ya ba hankaki haƙuri. Ba a rasa wanda zai ce ya cinye ɓauren tukuna, in ya ƙoshi ya kwanta. A nan ake bambanta gwana da wadda ta haddace labari kawai. Ba ta cewa "ba haka ba ne." Takan ɗauki amsar yaron ta shigar da ita cikin tatsuniyar, ta bar ta ta yi tafiya har ta ci karo da wani abu. "Madalla, ya kira Ƙoƙi. Ƙoƙi na gida tana daka, gulbi na ƙugi. Ta ji shi?" Yara su haɗa baki su ce a'a. "To, ƙaƙa za a yi ta ji?" Yarinyar da ta kawo shawarar ba ta ji kunya ba, don ba a watsar da maganarta ba. Abin da ya same ta shi ne ta hango ramin da ke cikin dabararta, kuma ita aka bar wa cike shi. Ƙila ta ce a aiki tsuntsu. Sai a tambaye ta wane tsuntsu zai yarda Gizo ya aike shi, bayan kowa ya ji abin da ya yi wa hankaki. Daga nan magana ta koma kan amana da haɗama, ba tare da an yi wa kowa wa'azi ba.

Duba abin da yaron ya yi cikin 'yan mintoci. Ya gane inda matsala take, ya kawo hanya, ya hango abin da hanyar za ta haifar tun kafin a bi ta, da ta toshe ya nemi wata. Abin da makaniki yake yi a gaban injin ban ruwa ke nan, shi ne kuma abin da ungozoma take yi in haihuwa ta zo da gardama. Bambancin kawai, a tatsuniya kuskure ba shi da tsada. Gizo zai iya nutsewa sau biyar a dare ɗaya, a tsamo shi a sake gwadawa.

Gwana tana da wasu ƙananan dabaru da ba a lura da su sai an zauna kusa. Takan jawo labarin gida: gulbin ba wani gulbi ba ne na can, Gagare ne in tana Ƙaura, wanda yaran suka san yadda yake cika da damina, suka kuma san yadda yake komawa rairayi da rani. Sai ka ji wani ya ce Gizo ya jira rani ya taka da ƙafa, a shiga lissafin ko ɓauren zai ishe shi ci har lokacin. Ta san mai bakin da ke riga kowa magana, ta san yadda za ta ba shi aikin riƙe amsarsa "sai an zo kanka." Ta san mai shirun da ke raɓe jikin zaninta, ba ta tsare shi da tambaya a gaban jama'a, sai dai ta sunkuya ta ce ya raɗa mata, sannan ta sanar cewa wani malami ya kawo shawara. Kuma ba ta tsayawa a kowace gaɓa. Tatsuniyar da aka yayyanka da tambayoyi ta zama jarrabawa, yara su watse. Sau ɗaya ko biyu ya isa, a daidai inda numfashin kowa ya tsaya.

Akwai dalilin da ya sa kakanni suka fi kowa iya wannan. A gidan Bahaushe yaro ba ya musu da ubansa, uwa kuma tana jin kunyar ɗan fari har ba ta kama sunansa. Kaka kuwa babba ce da al'ada ta buɗe wa yaro ƙofar ja-in-ja da ita. Tana kiran jikanta namiji angonta, ta kira macen kishiyarta, su kuma su rama. Don haka in ta ce Gizo ya yi kaza, jika yana da damar cewa, "Ƙarya kika yi, tsohuwa, ba haka za shi yi ba," a yi dariya a ci gaba. Yaron da bai taɓa samun wurin da zai ce wa babba "ban yarda ba" cikin aminci ba, da wuya ya saba da gwada tunaninsa a fili. Malamar makaranta ba ta da wannan gata kyauta, sai ta gina shi da kanta, kuma waɗanda suka ƙware suna ginawa: sukan yi kuskure da gangan, su ce kura ta yi cara, su jira a kama su.

Mataki na gaba ya fi na farko ƙarfi, wato a tashi tsaye a yi abin da jiki. Ɗauki tatsuniyar da Gizo ya haɗa giwa da dorina jan igiya. Ya je wa giwa ya ce shi zai ja da ita, ya ba ta bakin igiya. Ya gangara ruwa ya faɗa wa dorina haka, ya ba ta ɗaya bakin. Kowaccensu ta yini tana ja, tana mamakin ƙarfin ɗan ƙaramin Gizo. Ɗan shekara 3 zai yi dariya don ya ga kowa na dariya, amma sau da yawa bai kama inda abin dariyar yake ba. Kafin ya kama, sai ya riƙe abu biyu a kansa lokaci guda: abin da ke faruwa a gaskiya, da abin da giwa take zaton yana faruwa. A 1983 wasu masana biyu, Heinz Wimmer da Josef Perner, suka gwada yara da ɗan wasan 'yartsana a kan irin wannan, wato ko yaro ya gane cewa wani zai iya gaskata abin da ba haka yake ba. Binciken nasu da waɗanda suka biyo baya sun nuna yawancin 'yan shekara 3 ba su kai nan ba, zuwa shekara 5 kuwa yawanci sun kai. Shekarun ke nan da yara suka fi manne wa Gizo, wanda duk sana'arsa ita ce sa wa wani zato na ƙarya a kai.

Yanzu a shimfiɗa igiyar guga a tsakar gida, a rataya zani a tsakiya ya zama tudun da ya raba daji da gulbi. Wannan ya zama giwa, waccan ta zama dorina. Yaron da ke giwa yana hango ƙafafun dorina ta ƙarƙashin zanin, ya san sarai ƙanwarsa ce, amma dole ya yi kamar bai sani ba, ya yi ta ihun "Kai, Gizo, ashe kana da ƙarhi!" In ya manta ya kira sunanta, sauran yaran ne za su yi masa ca: ai giwa ba ta san da ita ba. Abin da bayani ba zai iya cusa masa ba, ga shi yana yi da hannu da murya. Gani ya kori ji, yi kuma ya kori gani.

Masana sun daɗe da lura da wannan. A Tarayyar Sobiyet, a 1948, wata mai bincike, Manuilenko, ta sa yara su tsaya cik ba motsi, ta ga ba su jimawa. Da aka mai da abin wasa, aka ce kai ne mai gadi, sai tsayuwar ta yi tsawo ƙwarai, musamman ga 'yan shekara 4 zuwa 5. A Amurka, a 1977, Eli Saltz da abokan aikinsa suka buga sakamakon aikin da suka yi da 'ya'yan talakawa da ba su shiga firamare ba. Waɗanda aka sa su riƙa kwaikwayon tatsuniyoyi da jikinsu sun fi waɗanda aka karanta wa aka tattauna kawai, a gwaje-gwajen tunani da na iya danne zumuɗi. Duk wanda ya taɓa ganin yaro mai ƙiriniya ya zauna daram don an naɗa shi Zaki sarkin dawa, ba zai yi mamakin wannan ba.

Sai dai matsalolin da suka fi amfani a wasan ba su ne na cikin labarin ba. Su ne waɗanda ke tasowa kafin a fara. Yara shida, kowa Zaki yake so, babu mai son Kura. Igiyar ba ta kai ba. Labarin yana buƙatar jirgi, babu jirgi. Babba mai gaggawa sai ya raba matsayi da kansa, ya ɗauko abin da ake nema, a wuce wurin. Gwana takan mayar musu da abinsu: "Zaki guda ɗai na cikin daji, ku ga ku shida. Ƙaƙa za mu yi?" Sai wani ya ce a yi bi da bi, wata ta ce a yi ƙuri'a da tsinke, wani ya ce ai Zaki yana da ƙanne. Turmi ya kife ya zama dutse, tabarma ta zama jirgi, karan dawa ya zama sandar sarki da safe, da yamma ya zama doki. Yaran wannan yanki ba baƙin wannan ba ne. Su ne masu ƙera mota da kara, masu gina shanu da laka, masu dafa tuwon ƙasa a gwangwani su aurar da 'yartsana da gara da komai. Aikin babba shi ne ya san lokacin da zai jefa ƙulli a cikin wasan, da lokacin da zai janye hannunsa.

Wata malamar ƙananan yara a birnin Chicago, Vivian Paley, wadda ta rasu a 2019, ta yi suna a duniya da wata hanya mai sauƙi. Yaro ya faɗi labarin da ya ƙirƙira, ita ta rubuta yadda ya faɗa, a ranar kuma 'yan ajin su tashi su kwaikwaya, mai labarin ya zaɓi wanda zai zama. Ba ta buƙatar komai sai takarda da alƙalami da ɗan fili a ƙasa. Na kawo ta ne don hanyarta ta dace da ajin da ba shi da kayan wasa na kanti, irin ajin da ya fi yawa a nan, kuma don ta ƙara abu ɗaya a kan na kaka: wani lokacin yaron ne mai tatsuniyar.

Kacici-kacici kuma nasa horon daban ne, gajere mai kaifi. Wanda ya kasa amsa ba a ce ya faɗi ba, sai a ce ya ba da gari. Nan ciniki ke tashi. Ya ce ya ba da wani ɗan ƙauye, mai tambaya ya ce ba ya so. Ya ƙara, ya ce Moriki, ko Zurmi. A yi ta ja har a kai Shinkafi mai kasuwar Alhamis, ko Ƙaura, inda layin dogo ya ƙare tun 1929, ko Gusau gaba ɗaya. Mai tambaya ya karɓa, ya kwatanta yadda zai shiga garin a kan doki ya ci daɗi, sannan ya faɗi amsa. Yaro ya koyi cewa rashin sani ba ƙarshen wasa ba ne, yana da farashi, ana biya a karɓi ilimi. A hanya kuma ya jera garuruwan ƙasarsu daga ƙarami zuwa babba, tun bai ga taswira ba.

Tatsuniyoyin kansu an adana da yawa. Frank Edgar ya buga littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, kuma kaso mai yawa na abin da ke ciki daga rubuce-rubucen da Manjo Burdon ya sa malamai suka yi a Sakkwato ne, lokacin da ƙasar Zamfara take ƙarƙashin lardin. Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970, ɗaliban firamare da yawa suka tashi da su. Aiki ne da ya cancanci godiya. Amma takarda labari take ɗauka, ba ta ɗaukar inda aka yi shiru, ko tambayar da aka jefa, ko yadda aka juya amsar yaro. Malamai maza ne suka rubuta wa Burdon, masu sana'ar kuwa mata ne a cikin gida. Shi ya sa malama za ta iya riƙe littafin a hannu, ta karanta shi tiryan-tiryan, ta rufe da ƙurunƙus, a tashi ba a warware komai ba.

Haka abin yake ga kwaikwayo. Ƙasar da yara ke tashe daga goma ga azumi, su zama Tsoho da Gemu ko Jatau Mai Magani, ƙasar da samari ke naɗa gwamna da alƙali a wasan kalankuwa bayan kaka, ba ta buƙatar a shigo mata da wasan kwaikwayo daga waje. Ƙananan da ke bin yayyensu a baya suna riƙe gwangwanin sadaka, kallon yadda ake zama wani suke yi.

Abin da ke damuna shi ne lokacin da wannan sana'a take rayuwa a cikinsa an ƙwace shi. Tatsuniya 'yar dare ce, bayan tuwo, a farin wata. A ƙauyuka da yawa na Zurmi da Shinkafi dare ya zama lokacin kasa kunne. Iyalai sun bar gidajensu sun tare a garuruwa, kaka a wani wuri, jikoki a wani. A watan Satumba na 2021 an rufe makarantu da kasuwannin mako-mako a jihar Zamfara, aka kuma katse layukan waya. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tana jinyar yara masu tamowa a asibitocin Shinkafi da Zurmi, kuma yaron da yunwa ta ci ba ya wasa, balle ya yi musu da kaka. Ba zan ce tatsuniya maganin wannan ba ce. Abinci da tsaro su ne gaba. Amma yaron da ya tsira da ransa yana nan yana girma, shekarunsa na 3 zuwa 6 ba za su jira a gama sulhu ko yaƙi ba.

Yaro abin da ya gani yake kwaikwaya. Inda ake ganin babura da bindigogi, karan da ya kamata ya zama doki zai zama bindiga. Babba mai tsoro sai ya ƙwace karan ya yi duka. Gwana takan shiga wasan ta kawo wani matsayi: wa zai zama likita, wa zai ɓoye awaki, wa zai kai jariri wurin uwarsa, ta wace hanya. Takan kuma auna Dodo da kyau. Ga yaran da suka taɓa gudu cikin dare, ba kowane Dodo ake kawowa ba, wanda aka kawo kuma dole a bar yaran su ci shi da dabara kafin a tashi.

Tunda dare ya ƙi, sai a koma rana. Camfin nan na cewa mai tatsuniya da rana zai ɓata, magabata sun bar masa mafita, a ɗaure Gizo a ci gaba. Manufar ilimi ta ƙasa ma ta tanadi shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya, ta ce a koyar da ƙanana ta hanyar wasa. Shirin RANA da aka fara a Katsina da Zamfara a 2015 ya nuna ana iya saka lissafi a cikin labarin Hausa a karanta wa 'yan firamare. Duk da haka, shiga azuzuwan naziri da yawa, abin da za ka ji shi ne 'yan shekara 3 suna rera haruffan Turanci da ƙarfi, iyaye kuma suna murna don shi ne abin da ake iya nunawa baƙo. Yaron da ya gano yadda Ƙoƙi za ta ji kira ba shi da abin da zai rera, shi ya sa ba a ganin aikin malamarsa.

Gaskiya ta sa a ambaci masu taka-tsantsan. A 2013 Angeline Lillard da abokan aikinta suka bi diddigin binciken da aka yi a kan wasan kwaikwayon yara, suka ce hujjar cewa wasan shi kaɗai ke haifar da basira ba ta kai ƙarfin da ake yayatawa ba. Cikin abubuwan da suka nuna akwai yiwuwar cewa babban da ke tare da yaran, da irin maganar da yake yi da su, shi ne ke kawo bambancin. Ni wannan bai rage mini komai ba, ƙara nuna mini mai aikin ya yi. Ba a zuba wa yara tsummoki a koma gefe a ce suna koyon tunani. Sai da mai jefa tambaya.

Ana iya koyon wannan kuwa, kamar yadda ake koyon kowace sana'a, ta zama kusa da mai yi. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Maru da na Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau, waɗanda za su riƙe waɗannan azuzuwa gobe, yawancinsu suna da irin waɗannan tsofaffi a gida ko a maƙwabta. A ba su aiki su je su zauna, su rubuta tambayoyin da tsohuwar ta yi da amsoshin da yara suka bayar, ba labarin kaɗai ba. Sannan a ba kowace ɗaliba tatsuniya ɗaya ta gwada. Ta gayyar Gizo ta dace da farawa, inda ya gayyato kaza da muzuru da kare da kura da damisa da zaki gona ɗaya, kowa ya cinye na ƙasa da shi. A raba wa yara matsayin, a zana gonar a ƙasa da tsinke, a ce musu yau Gizo ya tuba, noma yake so a yi masa da gaske, kuma kowa ya koma gida da ransa. Su za su tsara wa zai zo da hantsi, wa zai zo da la'asar, wa za a sa a wace kusurwa, wa kuma bai kamata a gayyata ba sam. In aji ya kai yara sittin, a yi gona uku, manyan ajin su riƙe biyu, malama ta riƙa zagayawa.